Agogon Iskar Don Rigo

Akwai wani mutum da ya taɓa zuwa hutu tsibirinmu na Utila shi da matarsa, sunansa Don Rigoberto Euceda. Shekarar ce ta ɓace mini. Na dai san bayan guguwar da ta kwashe rufin makarantarmu ne, domin a lokacin na riga na ajiye koyarwa, ina wuni a kan bencin da ke bakin gadar katako ta Miss Delsie, inda jiragen ruwa ke tsayawa, ina kallon masu koyon nutso suna shiga teku suna fitowa.

Abubuwa da yawa sun zube daga kaina yanzu, ya ku masu bibiyar wannan shafi, har da sunayen wasu ɗalibaina. Wannan labarin ne ya ƙi zubewa.

Don Rigo mai manyan motocin dakon kaya ne a San Pedro Sula, babban birnin da ke can tsallaken teku. Direbobi arba'in ke ƙarƙashinsa, kuma da ganin yadda yake tafiya ka san bai saba a ce masa "dakata" ba. Matarsa Doña Idalia 'yar siririya ce marar yawan magana. Shekararsu ashirin da biyar da aure, kuma ita ce ta roƙi wannan tafiya. Tun tana yarinya take son ganin abin da ke ƙarƙashin teku.

Miss Delsie ce za ta koya musu. Haifaffiyar tsibirin ce, na koyar da ita tana ƙarama, ba ta son lissafi ko kaɗan. Ta girma ta zama mace mai sanyin murya wadda ba ta gaggawa a komai.

"Miss, kwana nawa abin nan yake ci?" in ji Don Rigo ranar farko.

"Huɗu."

"A yi mana shi a biyu. Ni a bakin kogin Ulúa na tashi. Ina ɗan shekara goma nake tsallake shi da damina."

"Sannu da ƙoƙari, Don Rigo. Amma a kogi riƙe numfashi ake yi. A nan wanda ya riƙe numfashi shi ake ɗaukowa. Kwana huɗu ne."

Doña Idalia ta sunkuyar da kai tana gyara igiyar takalminta, kamar ba ta ji ba.

Aka fara a ruwa marar zurfi. Miss Delsie ta nuna musu tukunyar iska da ake goyawa a baya, da bututun da ake sa wa a baki a shaƙa, da wani bututun na biyu mai launin rawaya da ke rataye a ƙirjin kowa. Ta ce wannan ba naka ba ne, na abokin tafiyarka ne. In iskarsa ta ƙare zai ja hannu a maƙogwaronsa, sai ka miƙa masa. Sun gwada sau biyar ko shida har ya zauna musu.

Sannan ta ɗaga wani ɗan agogo da ke haɗe da tukunyar.

"Wannan shi ne ranku. In tukunya ta cika, dubu uku yake nunawa. In na buga yatsu biyu a tafin hannuna, tambaya nake: saura nawa? Ku duba, ku ba ni amsa da yatsu. Duk wanda ya fara kaiwa rabi, dukkanmu za mu juya. Ba a musu, ba a jin kunya."

To, a nan abin ya fara.

Babban mutum mai faɗin ƙirji, wanda kuma yake ta kokawa da ruwa da hannu da ƙafa, ya fi kowa shan iska. Haka abin yake, ba laifin kowa ba ne. Duk shigar da suka yi, Don Rigo ne ke fara kaiwa rabi. Ita kuwa Doña Idalia sai ka ce a ruwa aka haife ta. Takan harɗe hannuwanta a ƙirji, tana tafiya a hankali, ta fito da fiye da rabin tukunyarta.

Mai tuƙa jirgin ruwansu, Kyaftin Orvil, bakinsa ba ya hutawa. Allah ya ji ƙansa, ya rasu.

"Kai, Don Rigo! Sha kake ko zuba wa motocinka kake?" in ji shi yana ɗaga tukunyar. "Dubi ta Doña, ko taɓa ta ba a yi ba. Gobe dai tukunya biyu za mu ɗaura maka, ɗaya ta karin kumallo."

Don Rigo ya yi dariyar da ba ta wuce haƙora ba.

"Tsohuwar tawa ba ta numfashi ne, Kyaftin. A gida ma sai ka sa madubi a hancinta kafin ka san tana nan."

"Rigo, bari mana," in ji ta a hankali.

A rana ta uku, a ƙarƙashin ruwa, Miss Delsie ta yi abin da takan yi wa kowane sabon shiga. Bayan ya ba ta amsa da yatsu, sai ta kama agogonsa ta duba da idonta. Da suka fito kan gada, ina zaune a wurin, na ji abin da ya faɗa mata.

"Miss, ki tsaya. Na ba ki amsa, kika sake kama abin kika duba. Maƙaryaci ne ni?"

"Haka nake yi wa kowa."

"Ni ba kowa ba ne. Na haifi kamarki. Mutum arba'in ke cin abinci a hannuna, ba wanda ya taɓa bin bayan maganata. Kada ki ƙara."

Miss Delsie ta ce, "Gobe ce ranar ƙarshe. Dama gobe ku ne za ku lura da iskarku da kanku, yana cikin jarrabawa."

Washegari, ko Laraba ce ko Alhamis, ba zan rantse ba, teku ta kwanta lumui. Sun ci burodin kwakwa da kofi a bencina kafin su tashi. Doña Idalia ta gutsura mini. Don Rigo yana ta bayani cewa ya gano sirrin abin, ya kwana yana gwada jan numfashi a hankali, yau za a ga bambanci.

Kyaftin ya kai su arewacin tsibirin, inda muke kira bango. Wanda bai taɓa zuwa ba, abin haka yake: kana tafe a kan duwatsun murjani da kifaye masu launi, rana na saukowa har ƙasa, sai kawai ƙasar ta yanke. Daga nan babu komai sai shuɗi, shuɗin yana ƙara duhu har ya koma baƙi. Babu ƙara. Numfashinka kaɗai kake ji. Tsofaffin masunta ba sa son yin magana in jirgi na bi ta kansa.

Suka sauka ƙafa sittin. Miss Delsie na gaba, mata da miji na biye, kafaɗa da kafaɗa.

Can ta juyo ta buga yatsu biyu a tafinta.

Doña Idalia ta nuna dubu biyu da ɗari biyu.

Don Rigo ya duba nasa. Hannun agogon ya wuce rabi tuntuni, yana dab da inda aka shafa jan fenti, alamar iska ta kusa ƙarewa. Ɗari bakwai ne, ko takwas. Daga baya ya gaya mini abin da ya zo masa a rai a lokacin. Ba mutuwa ba ce. Muryar Kyaftin ce, da dariyar da za a yi a jirgi.

Sai ya ɗaga yatsu biyu. Dubu biyu.

Miss Delsie ba ta yarda ba. Daga baya ta ce mini har hannunta ya miƙa zai kamo agogon, sai ta tuna da maganar jiya, ta janye shi. Ta juya suka ci gaba da bin bakin bango.

Shi a lissafinsa zai riƙa ja kaɗan-kaɗan har a juya. Amma mai tsoro ba ya iya ja kaɗan. Ba a yi minti biyar ba ya ji iskar ta yi tauri, kamar mai zuƙar kunu mai kauri ta siririn kara. Ya sake ja, ta zo rabi. Ya sake ja.

Babu komai.

Duk abin da aka koya masa ya tafi. Jan hannu a maƙogwaro, bututu mai rawaya, duk sun tafi. Abu ɗaya idonsa ya gani: kumfa na fita daga wani baki kusa da shi. Akwai iska a can.

Ya kai hannu ya fizge bututun daga bakin matarsa, ya tura a nasa.

Ita lokacin tana kallon wani babban kifi mai fukafukai da ke wucewa ta cikin shuɗin. Tana tsakiyar jan numfashi ne. Ruwan gishiri ta ja. Ta lalubi bututunta mai rawaya, amma ya rungume ta da dukkan ƙarfinsa, hannunsa ya danne shi a ƙirjinta. Fuskarsu na dab da juna, gilashin nutson da ke idonsa na gogar nata. Yana shaƙa, tana kallonsa.

Allah ne ya juyo da Miss Delsie. Ta ce ba ta ji komai ba, kawai bayanta ne ya yi sanyi. Ta iso ta cire na bakinta ta cusa wa Doña Idalia, ta danna ya feso iska, ita ta koma kan nata mai rawaya. Don Rigo na ta harbin ruwa yana son ya yi sama da gudu, abin da zai fasa musu huhu su duka. Ta naɗe ɗamararsa a hannunta, ta riƙe su biyun, ta hau da su a hankali, a hankali. Ta ce ba ta taɓa yin tafiya mai tsawon wannan ba.

Da suka ɓullo, kan Doña Idalia ya langaɓe, leɓɓanta sun yi shuɗi.

Kyaftin Orvil ya jawo ta cikin jirgi. Ranar bakinsa ya mutu. Miss Delsie na hura mata iska, shi yana tuƙi da gudun da bai taɓa yi ba. Sai da suka kusa gada ta yi tari, ruwa da kumfa suka fito.

Na ga lokacin da aka wuce da ita ta gaban bencina. Na ga Don Rigo a baya, ƙafa ɗaya da takalmin nutso, ɗaya babu, yana ta cewa, "Tsohuwa. Tsohuwa. Idalia."

Aka tsallaka da ita asibiti a garin La Ceiba. Kwana tara ta yi. Likita ya ce da an ƙara minti ɗaya da sai dai wani labarin.

Da ta farfaɗo aka tambaye ta abin da ya faru, sai ta ce, "Ban tuna ba. Ina kallon kifi, sai na farka a nan."

'Ya'yansu suka tambayi ubansu. Ya ce bututun ne ya suɓuce daga bakinta. Miss Delsie ta rubuta gaskiya a takardar rahoton da ake rubutawa in haɗari ya faru, amma ba wanda ya zo ya nemi takardar, ita kuma ba ta bi kowa da ita ba. Abin da ta yi shi ne ta rufe shagonta wata guda. Takan zo ta zauna a gefena. Wata rana ta ce, "Malam, hannuna ya kai rabin hanya." Tun daga lokacin, ko shugaban ƙasa ne ya zo, sai ta kama agogonsa ta duba.

Na ɗauka labarin ya ƙare ke nan.

Bayan kamar wata takwas, da hantsi, sai ga mutum ya sauko daga jirgin ruwan fasinja shi kaɗai. Ban gane Don Rigo ne ba sai da ya yi magana. Rigar ta yi masa yawa.

Ya gaishe ni, ya gaishe da Miss Delsie tana wanke kaya a bakin gada, ya zauna a ƙasa kan katako, ba a kan benci ba.

"Yaya Doña?" in ji ta.

"Ta warke. Tana dafa abinci, tana zuwa coci, tana dariya da jikoki." Ya dubi hannunsa. "Miss, ba na iya kai hannu kusa da fuskarta. Rannan muna cin abinci, ƙwayar shinkafa ta maƙale mata a nan, na miƙa hannu in cire. Sai ta yi baya, ta rufe bakinta da hannu biyu. Sannan ta yi dariya ta ce ba ta san me ya same ta ba. Kullum haka. Kanta ya manta, hannunta bai manta ba."

Miss Delsie ta ci gaba da wanki.

"Ni kuma ko ruwa na ɗauka zan sha, sai in ga idonta a cikin kofin. Matar da ta haifa mini 'ya'ya huɗu. Na cire iska daga bakinta, Miss. Wane irin mutum ne wannan?"

Ta matse hannunta, ta zo ta tsuguna a gabansa.

"Don Rigo, shekarata goma sha tara a wannan aiki. Mutum uku sun taɓa fizge bututun bakina, ɗaya fasto ne. Wanda iska ta yanke masa a ƙafa sittin ba shi da mata, ba shi da uwa, ba shi da suna. Wannan ban riƙe ka da shi ba."

Ya ɗago.

"Amma lokacin da na buga yatsu a tafina, kana da iska. Kana cikin hankalinka. Wannan mutumin da ya ɗaga mini yatsu biyu, shi na sani."

"Me zan yi?"

"Ba ni za ka tambaya ba. Ba ni ce na sha ruwan ba."

Ko awa biyu bai yi a tsibirin ba. Ya bi jirgin azahar ya koma.

Abin da ya biyo baya, na manta ko shi ne ya rubuto mini ko ita ce ta gaya wa Miss Delsie a waya, Miss Delsie ta gaya mini. Ina jin duka biyun ne. Amma maganganun suna nan a kaina daram.

Ya same ta a bayan gida tana shanya. Ya tsaya nesa da ita, ya ce yana da magana. Ya faɗa mata komai, tun daga agogon, da yatsu biyun, har zuwa hannunsa. Bai rage ba, bai yi wa kansa ado ba.

Ta gama shanya rigar da ke hannunta, ta sa mata maƙalai biyu.

"Na sani, Rigo."

"Kin ce ba ki tuna ba."

"Me kake so in ce a gaban yara?"



"Ba shi ne yake hana ni sukuni ba," in ji ta. "Ina gefenka lokacin da ka duba agogon. Na leƙa. Na ga yana bakin ja. Na ga ka ɗaga yatsu biyu."

"Kin gani?"

"Na gani. Da na taɓa ƙafar Miss na nuna mata, da mun juya, da ba abin da ya faru sai dariyar Kyaftin. Amma na ce a raina, kada in kunyata shi a gaban mutane. Shekara ashirin da biyar haka nake yi. In ka ɓata hanya a mota, ina gani, in yi shiru. In ka faɗi abin da ba haka ba a gaban baƙi, in gyara zama in yi shiru. Na saba har na bi ka da shi ƙarƙashin teku. Da kai ne ka mutu a ranar, Rigo, da ni na kashe ka."

Aka ce ya durƙusa a nan cikin jiƙaƙƙen kaya ya yi kuka irin na yara. Ba ta rarrashe shi ba, ba ta kuma tafi ba. Ta tsaya har ya gama.

"Yanzu ka tashi," in ji ta. "Kuma daga yau in na ga ba daidai ba zan faɗa, ko a gaban wa."

"Ki faɗa."

"Za ka ji haushi."

"In ji."

Suna tare har yau, in dai ba wani labari ya zo na manta ba. Ba su sake shiga teku ba. An ce yanzu takan katse shi a tsakiyar magana a gaban direbobinsa ta ce, "Ba haka aka yi ba, Rigo," shi kuma ya haɗiye ya ce, "To yaya aka yi?"

Hannunta dai bai daina tashi ya rufe bakinta ba. Likitoci sun ce wataƙila ba zai daina ba. Shi ya sa duk lokacin da zai gyara mata gashi, ko ya share mata wani abu a kumatu, sai ya tsaya tukuna, ya nuna mata tafin hannunsa a buɗe, ya ce, "Idalia, zan taɓa fuskarki."

Sai ya jira har ta ce to.

Darasi: Faɗin "na gaza" ko "tawa ta kusa ƙarewa" ba ya rage mutum da komai, kunyar minti ɗaya ce. Wanda ya ɓoye gazawarsa don kada a yi masa dariya, ba shi kaɗai yake jefawa cikin haɗari ba, na kusa da shi ne ke fara shan wahalar. Kai kuma da kake ganin naka yana kan kuskure kana yin shiru don kada ransa ya ɓaci, wannan shirun ba ƙauna ba ne. Ku tura wa wanda kuka san ba ya iya cewa "ban iya ba", ku kuma tura wa wanda ya daɗe yana rufa masa, wataƙila su yi magana tun da sauran iska.